Ƙwararrun Likitocin Haƙori: Tantancewa Ake Yi Ko Wasan Kwaikwayo?

Idan ka shiga sashen haƙori na wani babban asibitin gwamnati ka ji ƙamshin sabon fenti ya danne warin magani, ka ga an share ciyawa, an sauya ƙwan fitilar da ya mutu tun bara, janareta na ruri da rana tsaka ba wanda ke kukan tsadar dizal, to kada ka yi saurin cewa Allah ya shiryi hukuma. Baƙi ake jira. Masu tantancewa ne za su zo.

Duk wanda ya taɓa raɓar asibitin koyarwa ko jami'a a ƙasar nan ya san wannan mako. A cikinsa ne kujerar aikin haƙori da ta shekara uku a kwance take farfaɗowa, ko kuma a shigo da wata da daddare daga asibitin kuɗi na wani aboki, a goge ta, a kafa ta a lungu kamar tun fil azal a nan take. A cikinsa ne na'urar ɗaukar hoton muƙamuƙi ke bayyana, littattafai sababbi fil su cika kantar laburare, sannan sunayen manyan likitocin da ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsu su hau allon ma'aikata. Wani yana aiki a wata jiha mai nisan yini guda a mota, wani ma yana Saudiyya, amma a takarda duk suna nan, ran Litinin suna duba marasa lafiya, ran Laraba suna koyarwa. Kamar dai amaryar da aka yi wa jere da kayan maƙwabta, 'yan ganin ɗaki su yi ta guɗa, bayan kwana bakwai kowa ya aiko a ba shi kwallarsa. Baƙi su zagaya, su gyaɗa kai, su ci abinci, su hau jirgi. Kafin su sauka a Legas an fara kwance kujera.

Ban ce kowane asibiti haka yake ba. Akwai inda ake aiki tsakani da Allah, akwai kuma masu tantancewar da ba a iya rufe musu ido. Amma kada wani ya tsaya gabana yana rantsuwa wai bai taɓa jin wannan labari ba. Mun sani, sun sani, sun kuma san mun sani. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙa'ida muka rasa ba. Wallahi muna da ita, har ta yi mana yawa. Akwai hukumar MDCN mai ba likitoci da likitocin haƙori lasisi. Akwai hukumar jami'o'i ta NUC mai duba kwasa-kwasan digiri. Akwai Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa da dokar soja a 1979. Ga kuma Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ya faro daga Ibadan a 1960, ita ma da sashenta na haƙori. Waɗannan kwalejoji biyu su ke cewa ga abin da mai neman ƙwarewa zai koya, ga yawan manyan likitocin da dole a samu a sashe kafin a ba shi izinin horarwa, ga adadin masu neman ƙwarewar da zai iya ɗauka, ga kayan aikin da ba makawa sai da su, ga irin ayyukan da mutum zai yi da hannunsa a rubuta a kundinsa kafin ya zauna jarrabawa.

Kuma hanyar ba ta wasa ba ce. Yaro zai yi shekara shida a jami'a in ba a yi yajin aiki ba, kai ma ka san sai an yi. Ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi ta bautar ƙasa. Sannan ya ci jarrabawar share fage, ya shiga neman gurbi a asibitin da aka amince wa horarwa, wanda shi kansa wani yaƙi ne. In ya samu, ya yi matakin farko ya ci jarrabawa, ya yi mataki na biyu, ya rubuta kundin bincike, ya kare shi gaban dattawan da ba sa dariya. Shekara biyar ko shida ke nan idan komai ya tafi daidai. Kafin a kira shi konsoltan, furfura ta fara leƙowa.

Ni ba ni da ja da ko ɗaya daga cikin wannan. A ƙara ma in da hali. Domin masu ɗaukar aikin likitan haƙori a matsayin cire haƙori kawai, irin na mai filaya a bakin kasuwa, ba su san dawan garin ba. Je ka sashen gaggawa na kowane babban asibiti da daddare ka ga 'yan acaɓa da fasinjojinsu da muƙamuƙi a farfashe. Wa zai haɗa ƙasusuwan nan yadda mutum zai sake tauna tuwo? Ka ga wanda ƙari ya cinye masa rabin haɓa saboda ya shekara biyar ana shafa masa magani a gida. Ka ga jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe da ganda, nono na fita ta hanci. Ka ga wanda kogon haƙori guda ɗaya ya yi ruwa, kumburi ya gangara ƙarƙashin harshe zuwa wuya har numfashi ya fara gagara. Wannan yana kisa, kuma cikin kwanaki kaɗan. Irin waɗannan mutane ake horar da ƙwararru domin su. Wanda za a miƙa wa wuƙa a ce ya tsaga fuskar ɗanka, kana so a ce a kujerar aro ya koyi aiki?

To ga inda gizo ke saƙar. Masu rubuta ƙa'ida daban, masu riƙe da lalitar kuɗi daban, kuma ba sa ga maciji, kai ba sa ma haɗuwa balle su gaisa. Kwaleji ta ce sai ka tanadi kaza da kaza. Gwamnatin da ta mallaki asibitin ta ce babu kuɗi, an kuma dakatar da ɗaukar ma'aikata. Shugaban asibiti yana tsakiya: in ya faɗi gaskiya a janye izini, masu neman ƙwarewa su watse, alhali su ne ke riƙe da asibitin dare da rana. In ya yi ƙarya a ba shi takarda ya rataye a ofis. Wanne kake jin zai zaɓa? Mun gina tsarin da mai gaskiya ke faɗuwa, mai iya shirya dandali ke cin jarrabawa, sannan muna mamakin yadda ƙarya ta zama sana'a. Kuma asibitin da za a tantance shi ke neman a zo, shi ke cike takardun bayanin kansa, shi ke biyan kuɗin tantancewar, ya kuma san ranar zuwan baƙi tun da sauran makonni. Haba jama'a! Ko ɗan firamare aka gaya wa ranar da za a duba farce, ai zai yanke.

Mu kuma na Arewa namu ya fi na kowa ciwo. Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a ƙasar nan a Legas aka buɗe ta a 1966. Ife da Ibadan da Benin suka biyo baya. Arewa gaba ɗayanta, daga Sakkwato har Yola, ba ta da ko ɗaya sai bayan shekara ta 2000, lokacin da Jami'ar Maiduguri ta fara, daga baya Jami'ar Bayero ta Kano ta bi sahu. Sama da shekara talatin ana yaye likitocin haƙori a Kudu, mu muna nan muna taƙama da asuwaki da haƙorin Makka. Wannan giɓi ba a cike shi da jawabin gwamna.

Dubi tarkon da kyau. Ba za a ba sashe izinin horarwa ba sai yana da manyan likitoci a fannin. Ba za a samu manyan likitoci a fannin ba sai an horar da su. Ba za a horar da su ba sai da izini. Haka za a yi ta zagaye har Mahadi ya bayyana. Fannin fiɗar baki da muƙamuƙi ya ɗan samu gindin zama a Arewa tun da daɗewa, musamman ta asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Amma sauran fa? Fannin daidaita jerin haƙora, fannin haƙoran yara, fannin dasashi, fannin haƙoran roba da dashe, fannin gano cututtukan baki a ɗakin gwaji? Sai yaro ya tattara ya tafi Legas ko Ibadan ko Ife ko Benin ya yi watanni, wani lokaci shekaru, yana biyan hayar gida biyu da albashi ɗaya. Idan mace ce mai aure da 'ya'ya, sai ka ji an ce ta haƙura da fannin da take so, ta ɗauki wanda ake yi a kusa, ko ta haƙura da ƙwarewar ɗungurungum. Wanda ya tafi kuma, ya saba da can, ya ga inda kayan aiki suke, ya yi abokai, me zai dawo da shi? Asibitin jihar da babu ko safar hannu?

Daga nan sai ka ji wasu 'yan'uwanmu, cikin kishin da bai san inda ya dosa ba, suna cewa ai a sassauta wa Arewa, a rage sharuɗɗa, a yi mana la'akari. A'a. Wannan kam ban yarda ba ko da wasa. Muƙamuƙin Bakatsine bai fi na mutumin Ikeja arha ba. In aka sassauta, an ce ke nan talakan Arewa ya cancanci ƙwararre mai rabin ƙwarewa, kuma mu da bakinmu muka roƙa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da muke bukata a ɗaga asibitocinmu su kai ma'aunin. Ba mu roƙi a sauko da ma'aunin ya same mu a ƙasa ba.

Kuma wa zai ɗaga su? Gwamnonin nan namu da ke gina gadar sama a garin da babu cunkoso, su sayi motocin alfarma a raba wa 'yan majalisa, amma a kawo musu takardar ɗaukar nauyin likitocin haƙori biyar su je neman ƙwarewa, sai ta shekara a kan tebur? Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. A garinmu aka yi alkawarin, da sunan garinmu ake kiransa, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Daga ɗan abin da ake warewa, haƙori ne ɗan bora. Shi kansa mai rabon kasafin, in haƙorinsa ya motsa, Dubai ko Landan ko Alƙahira zai nufa. Ina zai san injin iskar kujerar haƙori ya mutu?

An yi doka, kada a ce ban faɗa ba. Dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa ta 2017, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2018, ta tanadi kuɗin da za a riƙa ba su domin jarrabawa da kwasa-kwasan sabunta ilimi da bincike. Madalla. Amma tun daga lokacin, sau nawa ƙungiyarsu ta NARD ta tafi yajin aiki da wannan kuɗi a cikin jerin ƙorafinta? A 2021 sun ajiye aiki daga farkon Agusta har farkon Oktoba. A 2023 sun sake fita. Kuɗin da doka ta ce haƙƙinka ne, sai ka rufe asibiti, talakawa sun mutu a layi, sannan a sake shi. Ita kuma jarrabawa ba ta jiran kowa, kuɗinta ba ya jira, kuɗin jirgi ko na mota zuwa wurin kwas ba ya jira.

Shi mai koyon haƙori ma nasa ya ninka. Likitan ciki zai iya koyon abubuwa da yawa da kunnensa da hannunsa da abin auna bugun zuciya. Na haƙori ba ya motsi sai da kaya: kujera mai aiki, wuta, ruwa, iska mai ƙarfi, injin sassaƙar haƙori, abin ciko, wayoyin daidaita haƙora, ƙarafan ɗaure ƙashi, na'urar dafa kayan aiki. Kusan duk daga waje ake shigo da su, da dala. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 kowa ya san yadda farashi ya yi tashin gwauron zabi. Yanzu kundin ya ce sai ka yi aiki kaza sau kaza. Marar lafiya ya zo, an yi masa lissafi, ya ce Likita a cire kawai, ba ni da halin gyara. To da wa za ka cika kundin? Masu tsoron Allah su zaro daga aljihunsu su saya wa marar lafiya kaya don su samu su koya. Marasa tsoron Allah kuma su nemi sa hannu. Wani babban likita ya rattaba hannu a kan aikin da bai gani ba, wataƙila ma ba a yi ba, wai yana taimakon yaro. Wannan ba taimako ba ne, cin amana ne, kuma wanda zai biya bashin yana can ƙauye bai ma san ana yi ba.

Ana cikin wannan hali, me manyan suka ga ya dace su yi faɗa a kai? Takarda. A ƙarshen 2019 hukumar NUC ta fito da batun cewa malaman asibitin koyarwa su nemi digirin digirgir, su kuma manyan likitoci suka ce takardar ƙwarewarsu ta wadatar, har ƙungiyarsu ta janye daga koyarwa a farkon 2020. Ga kuma rigimar takardar matakin tsakiya da kwalejojin Afirka ta Yamma ke bayarwa, wadda masu neman ƙwarewa suka yi ta kukan cewa MDCN ta rage mata daraja. Ban ce batutuwan ba su da muhimmanci ga masu su ba. Amma a ce an iya tsayar da koyarwa a faɗin ƙasa saboda wace takarda ta fi wace, ba a taɓa tsayar da komai ba saboda an kama sashe da kujerar aro? Kwalejoji biyu, tawaga biyu, kuɗi biyu, fenti sau biyu, duk a kan sashe ɗaya mai famfo ɗaya da ba ya kawo ruwa.

Sai kuma guduwa. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun baya. Likitocin haƙori kuwa dama 'yan dubbai ne ƙalilan a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, yawancinsu kuma a manyan birane. A sashen da konsoltan biyu ne ke riƙe da fanni, in ɗaya ya tafi Ingila ɗaya ya tafi Saudiyya, horo ya mutu a ranar. Amma takardar izini na nan a bango, da sauran shekarunta, tana murmushi. Wa ke komawa ya duba? Maganin da wani ɗan majalisar wakilai, Ganiyu Johnson, ya kawo a 2023 shi ne a hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a gida. Ka ji fa. Ba a gyara kujera ba, ba a biya alawus ba, a ɗaure mutum a jikin kujerar da ta mutu. Gwamnati kuma ta ƙara yawan ɗaliban da makarantun likitanci za su ɗauka. To wa zai koyar da su, su da malamansu ke layin biza?

In kana son ka ga abin da rashin ƙwararru ke nufi da idonka, Sakkwato za ka. Tun 1999 akwai asibitin yara masu cutar noma a can, cutar nan mai farawa daga gyambon dasashi ta cinye kunci da leɓe da hanci cikin 'yan kwanaki, wadda ke kashe kusan tara cikin goma na yaran da ba su samu magani ba. Yunwa da ƙyanda da rashin tsaftar baki ke buɗe mata ƙofa, wato cutar 'ya'yan talakawa ce zalla. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF na tallafa wa asibitin tun 2014, ana kawo likitocin fiɗa daga ƙasashen waje lokaci-lokaci su haɗu da na gida a gyara fuskokin yara. Allah ya saka musu. Najeriya ce ta jagoranci neman Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, aka kuma amince a Disambar 2023. Mun yi murna, mun yi jawabai. To bayan jawabin fa? Yankin da wannan cuta ta yi wa katutu shi ya kamata ya zama makarantar da duk Afirka ke zuwa koyon gyaran fuska. Yaran namu ne, cutar a ƙofar gidanmu take, amma har yau muna duban hanya ko baƙi sun iso.

Gyaran nan ba sai an kira taron ƙasa ba. Masu tantancewa su daina aiko da goron gayyata. Su faɗo ran Talata da hantsi ba sanarwa, su kunna kowace kujera da hannunsu, su buɗe rajistar ɗakin tiyata ta wata shida da suka wuce, su nemi takardar albashi su ga wane konsoltan ne da gaske yake karɓa a nan. Su keɓe da masu neman ƙwarewa a ɗaki, ba shugaban sashe, ba mai ɗaukar suna, su tambaye su yaushe rabon da na'urar hoto ta yi aiki. Kuɗin zuwan kuma ya fito daga asusun da ba na asibitin ba. Duk babban likitan da aka kama ya ba da aron sunansa ga sashen da ba ya aiki a ciki, MDCN ta kira shi gaban kwamitin ladabtarwa, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sannan a wallafa rahoton kowa ya gani. Asibitin gwamnati ne, da kuɗinmu aka gina shi, bakinmu ake buɗewa a ciki. Don me sakamakon zai zama sirri tsakanin kwaleji da shugaban asibiti?

Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos kuma su sauke girman kai. In wannan yana da ƙwararre a fannin yara, wancan yana da na daidaita haƙora, a haɗa su a nemi izini na haɗin gwiwa a fili, mai koyo ya zagaya tsakaninsu, a rubuta gaskiyar inda kowane malami yake. Aron da ake yi a ɓoye da daddare, a mai da shi tsari da rana.

Ku kuma gwamnonin Arewa goma sha tara, kuna da zauren da kuke taruwa a Kaduna. A zama na gaba, kowannenku ya zo da adadin ƙwararrun likitocin haƙori da ke kan albashin jiharsa, fanni-fanni, da adadin waɗanda ya tura horo bana, ya karanta a gaban 'yan jarida. Wanda ya ga lissafinsa abin kunya ne, ya sa hannu a takardar da ke kan teburinsa kafin ya taso.